Wa Ya Kashe Sufeto Balmaseda?

Washegarin ranar da na koma zama gidan kawuna, Don Evaristo Pedroso, wata mata ce ta buga mana ƙofa tun kofi bai tafasa ba. Aladenta ne ya ɓata. Daga ƙauyen hayin kogi ta taso a ƙasa, da igiyar a hannunta, wai a nuna wa Sufeto.

"Baiwar Allah," in ji kawu, yana tsaye a bakin ƙofa daga shi sai singileti, "babu wani Sufeto. Ni na ƙirƙiro shi. Daga kaina ya fito, kamar ƙwarƙwata."

"Na sani, Don Evaristo, ai kowa ya sani. Kai dai dubi bakin igiyar nan. Yankawa aka yi ko aladen ne ya cinye?"

Kawu ya duba, don ba yadda zai yi. Ya ce cinyewa ce. Matar ta tafi tana ta godiya. Ya dawo ya zauna, ya dubi matarsa inna Herminia, ya ce, "Kin gani ko? Na yi makaranta don in riƙa duba haƙoran alade."

Aikin kawu karatu ne. A gidan tabar garinmu, inda ni ma nake naɗin sigari, akwai dandamalin katako a tsakiyar zaure da kujera ɗaya a kai. Nan yake hawa. Da safe ya karanta mana jaridun Habana, babban birni, da yamma littafi, mu kuma hannuwanmu na ta aiki. Mu ma'aikata muke biyansa, ba mai gidan taba ba, saboda haka mu ke zaɓar abin da za a karanta. In za a yi ƙuri'a kowa ya ɗaga wuƙarsa ta yankan ganye, Doña Obdulia shugabar kwamitin karatu ta ƙirga. In karatu ya yi daɗi mu buga gindin wuƙa a kan allon naɗi, in bai yi ba mu saki wuƙaƙen su zube ƙasa.

Ba don labarin gawa da 'yan sanda kawu ya nemi kujerar nan ba. Ubansa, wato kakana Eleuterio, mai korar alfadarai ne. A lokacin yaƙin ƙwatar 'yanci daga Sifen ya yi shekaru yana hawa da sauka a duwatsun bayan garinmu, yana kai wa mayaƙa gishiri da maganin zazzaɓi. Bai taɓa harba bindiga ba. Da aka gama yaƙi aka kakkafa gumakan janar-janar a dandali, ba wanda ya tambayi sunansa. Kafin tsohon ya rasu kawu ya zaunar da shi, ya rubuta duk abin da ya faɗa. Takardun suna cikin kwali a saman kabad, kowa a gida ya san da su. Burin kawu guda ɗaya ne tun yana saurayi: wata rana ya hau dandamalin nan ya karanta labarin ubansa da muryarsa, zaure cike yana ji.

Abin da ya shiga tsakani shi ne guguwa. Ban zo duniya ba a lokacin, amma na ji labarin daga bakinsa har na haddace inda yake tsayawa ya yi tsaki.

"Ruwa ya tafi da gada, jirgin ƙasa bai zo ba. Ba jarida, littafin da muke kai kuma ya ƙare. Na ce musu ga labarin ubana. Shugaban kwamiti na wancan zamanin, Allah ya ji ƙansa duk da haka, ya ce, 'Yaƙin da ba janar a ciki? Bari dai sai an yi ƙuri'a. Kafin nan ɗan ba mu wani abu mu rage zafi.' Wani abu! Sai na buɗe baki na ce an tsinci gawa a rumfar shanya taba, an kirawo wani sufeto. Ni a nufina in kai su ƙarfe biyar kowa ya tafi gida."

"Sunan fa, kawu?"

"A jikin wani tsohon akwati na gani. Da na san abin da zai biyo baya da Ciwon Kai na sa masa."

Haka aka haifi Sufeto Balmaseda. Gajere ne mai tumbi, ƙafafunsa kullum a kumbure, ba ya gudu, ba ya riƙe bindiga. In yana tunani rake yake taunawa. Duk inda aka ce masa wane ya rasu a kan gadonsa, sai ya cire raken daga baki ya ce, "Ba mai mutuwa haka kawai." Aka gyara gada, jirgi ya dawo da jaridu da sababbin littattafai, amma da aka yi ƙuri'a wuƙaƙe suka tashi wa Sufeto. Shekarar da ta biyo ma haka. Ta bayanta ma haka.

Masu naɗi su kan kai labarin gida da yamma, matansu su kai shi kasuwa, direbobin motar rake su kai shi garuruwan maƙwabta. Aka sa wa zakarun faɗa sunansa. Aka sa wa yara. Akwai wani wanzami da ke rufe shago ya zo ya tsaya jikin tagar zaurenmu, da reza a aljihu, ya bar mutum da rabin gemu. Da rediyo ya shigo, gidajen taba da yawa suka sallami masu karatunsu suka sayi akwati. Mu muka ƙi, saboda akwati bai san Sufeto ba. Wannan ma bai faranta wa kawu ba.

"Ka ga ƙarshen wulaƙanci," in ji shi. "Shi ke ciyar da ni. Mutumin da ba shi da uwa ba shi da uba, shi ke saya mini shinkafa da wake."

Kowace shekara, in an buɗe sabon zaɓe, sai ya sa labarin kakana cikin abin da za a zaɓa. Kowace shekara Doña Obdulia ta ƙirga wuƙaƙe, ta dube shi ta saman tabarau, ta ce, "Ka yi haƙuri, Don Evaristo. Badi." Da na fara aiki ni ma na riƙa ɗaga tawa, amma wuƙa ɗaya ba ta kai ko'ina.

Ba irin dabarar da bai yi ba don ya gundure mu. Ya yi wa Sufeto aure da wata mata mai mita, muka so matar har fiye da mijin. Ya ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Sifen wai ya yi ritaya, sai Nicanor ya miƙe daga bencinsa. Nicanor tsohon manaɗi ne, ba wanda ya kai shi sauri, ba kuma wanda ya kai shi baki.

"Don Evaristo, jirgin nan mutum nawa ya ɗauko?"

"Ina ruwanka? Ɗari uku."

"Ɗari uku a kan teku, kuma ba wanda zai mutu? Haba dai! Ka duba ɗakin kyaftin da kyau."

Zaure ya ɗauki bugun wuƙa, dole kawu ya duba ɗakin kyaftin. Wata shekara kuma don mugunta ya sa Sufeto ya shafe damina guda yana neman kaza ɗaya. Har yau in ka tambayi tsofaffi, shari'ar kaza ce suka fi so.

Akwai kuma batun mutanen cikin labarin. Kawu ya rantse ba ya ɗaukar kowa daga garinmu, amma mai kemis ɗin da ke ba Sufeto man shafa ƙafa yana da sanƙo, yana ɗingishi, yana kuma cewa "da yardar Allah da kimiyya", kamar dai Don Cipriano mai kemis ɗin bakin dandali. Don Cipriano bai ji haushi ba. Ya haɗa wani man kore a kwalba ya rubuta "Na Sufeto" a jiki, ya yi shekaru yana cin kasuwa da shi. Su biyun abokan wasan domino ne.

A shekara ta talatin da hawansa dandamali muryar kawu ta fara dishewa. Da fari ya ɗauka mura ce, inna Herminia ta yi ta ɗura masa zuma da lemun tsami. Da abin ya ƙi, na raka shi Habana. Likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ce akwai wani abu da ya tsiro, sai an yanka, kuma bayan yankan ba zai ƙara magana ba sai raɗa. Ya ce za a iya jira zuwa ƙarshen kakar taba, amma kar a wuce nan, kuma muryar za ta riƙa raguwa ko an jira ko ba a jira ba.

A jirgi muna dawowa na ce, "Kawu, ka gaya wa kwamiti mana. In suka ji, ba wanda zai hana ka karanta labarin kaka."

"In na ji ka faɗa wa wani sai na yanke maka kunne. Ba za a saurari ubana don tausayi ba. Tausayi ai na mabarata ne. Zaɓarsa za su yi, da wuƙaƙensu."

"To ai Sufeto ne zai sake ci."

Ya juya ga gonakin rake ta taga. Can ya ce, "Matacce ba ya cin zaɓe."

Ban taɓa ganin an shirya kisa da natsuwa irin wannan ba. Ya san mu. Ya san in ya jefa Sufeto a kogi za mu ce ya iya iyo, in ya sa aka harbe shi za mu ce harsashin ya sami agogon aljihu. Saboda haka ya tsufar da shi a gabanmu, sannu a hankali. Ya sa masa tari. Ya kwantar da shi a gadonsa, a gidansa, da rana tsaka, taga a buɗe. Ya kawo likita ya ce tsufa ne. Ya kawo fadan coci ya yi masa addu'ar ƙarshe. Matarsa mai mita ta ba shi romon kaza ya sha cokali biyu, mai kemis ya zo ya shafa masa mai a ƙafa, Sufeto ya yi ban kwana da kowa, ya rufe ido. Kawu bai tsaya nan ba. Ya sa aka wanke shi, aka kwana a kansa, aka sa shi a akwati aka buga ƙusoshi, aka binne, aka zuba ƙasa, aka taka.

Ya rufe bakinsa ya jira. Ba wanda ya buga wuƙa, ba kuma wanda ya saki tasa. Wasu mata a layin masu cire jijiyar ganye suna share ido da gefen riga. Na dubi kawu na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da ban taɓa gani ba.

Sai Nicanor ya yi gyaran murya.

"Wa ya dafa romon nan?"

"Matarsa," in ji kawu. "An gama, Nicanor. Tsufa ne."

"Tsufa!" Nicanor ya juya ya dubi zaure. "Jama'a, kun ji? Wai tsufa. A kan gado. Shekara talatin mutumin nan yana gaya mana me?"

Zauren gaba ɗaya ya amsa kamar a coci: "Ba mai mutuwa haka kawai!"

Aka ɗauki bugun wuƙa kamar rufin zai faɗo. Mun ɗauka kawu ya ba mu shari'ar da ta fi kowace girma, kuma a wannan karon mu ne za mu warware ta. Ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu yana cewa ba haka ba ne, amma muryar ba ta kai layi na uku ba. Doña Obdulia ta kaɗa ƙararrawa ta sanar cewa ba za a buɗe sabon zaɓe ba sai an rufe wannan labarin, don a ƙa'idar kwamiti ba a fara littafi wani bai ƙare ba.

"Ya ƙare!" in ji kawu. "An binne shi! Kina nan aka taka ƙasar!"

"An binne shi, Don Evaristo, amma ba a kama kowa ba."

Makonnin da suka biyo baya, kowace yamma zai hau dandamali ya ce tsufa ne, mu kuma mu sa shi ya maimaita mana ranar mutuwar. Wa ya buɗe tagar? Cokalin na azurfa ne ko na ƙarfe? Me ya sa likitan ya yi saurin tafiya? Kowace maimaitawa tana cin wani abu daga muryar, ni kaɗai da shi muka san haka. Ina zaune ina naɗi ina jin tana sirancewa, kakar taba kuma na ta gangarawa.

A hankali zargi ya bar matar Sufeto, don an ce mai mita ba ta kisa, a baki take ƙarewa. Ya koma kan mai kemis. Shi ne na ƙarshe da ya taɓa jikin mamacin, kuma wa ya san abin da ke cikin man nan? Ba wanda ya je ya ce wa Don Cipriano komai. Sai dai kwalaben kore suka daina fita. Daga nan maganin tari ma ya daina fita. Mata suka riƙa hawa mota zuwa garin gaba don sayen maganin tsutsa.

Ran wata Lahadi ya shigo gidanmu da ɗingishinsa, bai ko cire hula ba.

"Evaristo, ka fito ka wanke ni."

"Ka yi wani abu ne?"

"Kar ka raina mini hankali! Jiya yarinya ta shigo sayen auduga, uwarta ta biyo ta ta fizge ta kamar ta shiga ramin maciji. Surukata ta daina cin abincin gidana. Ni da na yi shekara da shekaru ina shafa wa mutumin nan mai!"

"Wane mutum, Cipriano? Wane mutum? Babu shi!"

"To in babu shi, me ya sa ka bari ya mutu a hannuna?"

Inna Herminia ta fita tsakar gida da sauri, na ji tana dariya cikin zanin shanya. Kawu bai yi dariya ba. Ya zauna ya dafe kai.

"Ka ɗora wa likitan mana," in ji Don Cipriano, murya ta ɗan sauko. "Ai namu likitan ya koma Habana, ba abin da zai same shi."

"In na ɗora wa likita za su so a kama shi. Wa zai kama shi? Sai an sami sabon sufeto. Ka ga na haifi wani kenan. Fita, Cipriano, don girman Allah, kafin in kashe wani na gaske."

Ranar Litinin da yamma ya hau dandamali bai ɗauki ko ruwan zumarsa ba. Bai zauna ba tukuna Nicanor ya fara.

"Don Evaristo, mun yi shawara. Man nan da aka shafa ranar, launinsa kore ne kamar kullum, ko ya ɗan yi duhu?"

Kawu ya riƙe hannun kujera.

"Ku bar Cipriano ya sha iska! Kuna son wanda ya kashe shi? Ni ne! Ni na kashe shi! Ni na sa masa tarin, ni na kwantar da shi, ni na buga ƙusoshin! Da zan samu da tun shekara ashirin da suka wuce na yi! Ni ne, ku ji da kyau, jakuna!"

Na ɗauka wuƙaƙe za su zube ƙasa. Ba a taɓa zagin zaure daga kan dandamali ba. Sai na ji wata mata ta ce, "Uwar Yesu! Mai ba da labarin!" Wani daga baya ya yi ihu, "Yana gabanmu duk tsawon shekarun nan!" Nicanor ya kama kansa da hannu biyu yana cewa, "Kai, tsohon nan! Kai, tsohon nan ya gama da mu!" Bugun wuƙa na ranar har mai gidan taba sai da ya sauko daga ofis ya leƙo.

Kawu ya tsaya yana kallonmu kamar mai kallon gobarar gidansa. Doña Obdulia ta kaɗa ƙararrawa har aka yi shiru.

"To, tunda ka amsa, Don Evaristo, sai ka zauna. Duk wanda Sufeto ya taɓa kamawa a zauren nan, sai da ya zauna ya faɗi dalilinsa tun daga tushe, ba mai katse shi. Kai ka kafa wannan. Muna jinka."

"Dalili? Ke ma kin shiga cikinsu, Obdulia? Dalilin ai…"

Ya tsaya. Bakinsa a buɗe, bai rufe ba. Ita kuwa tana kallonsa ta saman tabarau ba ta ko ƙifta ido. Ban sani ba ko ta daɗe da lura da muryar, ban kuma taɓa tambayarta ba.

"Tun daga tushe?" in ji shi.

"Tun daga tushe."

"Ba mai katse ni?"

"Wanda ya katse ka zan ci shi tara."

Ya sauko, ya fita, ya bar mu zaune. Gidanmu ba nisa. Ya dawo da kwali a hammata, ya hau, ya sa tabarau, ya ce, "In kuna son ku fahimci abin da ya kai ni ga wannan aiki, sai mun fara daga ubana."

Haka aka karanta labarin kakana a zauren taba, ba a yi masa ƙuri'a ba, a matsayin jawabin mai laifi. Ba zan ce kawu ya ji daɗi yadda ya yi mafarki ba. Muna saurare kamar ba mu taɓa saurare ba, amma alama muke nema. Da ya zo inda kaka ya sayi alfadararsa Candela a hannun wani Basifane mashayi, na ji ana raɗa, "Riƙe sunan Basifanen nan." Da ya zo inda kogi ya cika, Candela ta ƙi tsallakawa, kaka ya matsa mata, gishirin wata guda ya narke a bayanta har mayaƙa suka riƙa lasar buhu, sai Nicanor ya gyaɗa kai ya ce a hankali, "Gishiri. Romon kaza. Kun fara gani?" Aka ci shi tara. Ya biya yana murmushi.

"Ubana na lasar buhu don yunwa," in ji kawu da muka koma gida, "su suna neman guba."

Amma akwai yammar da ya karanta yadda kaka ya sauko daga dutse da mutum biyu masu rauni a bayan Candela, ɗaya namu ɗaya sojan Sifen, an ɗaure su baya da baya don kar su faɗo, suna zagin juna har suka gaji suka koma roƙon ruwa da baki ɗaya. Namu ɗin yaro ne mai yatsa shida a hannun hagu. A wurin nan wata tsohuwa a layin masu cire jijiya ta ajiye ganyenta ta ce, ba da ƙarfi ba, "Babana ne." Doña Obdulia ta kai hannu ga ƙararrawa, ta fasa. Na duba na ga hannuwa sun tsaya a kan alluna. A zaurenmu hannu ba ya tsayawa, ko an karanta mutuwar wa.

Muryar ta ci gaba da tafiya. Na ce ya bari in karɓe shi, ya ce in kula da naɗina, sigarina ma a karkace suke fita. Ba wanda ya yi maganar dishewar. Sai dai wata safiya muka tarar an jawo bencuna kusa da dandamali, kuma mutane suka koma yin yankan ganyensu tun da rana, don da yamma kar ƙarar wuƙa ta rufe shi. Shafukan ƙarshe, inda kaka ya dawo gida ya tarar ba wanda ya san ya tafi sai uwarsa, da ƙyar na baya suka ji. Na gaba ke miƙa musu, layi zuwa layi.

Ya rufe kwali. Muka buga wuƙa, muka daɗe muna bugawa. Da aka lafa Nicanor ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"An gama? Zan iya magana ba tara?"

"An gama," in ji Doña Obdulia.

"Labari ya yi kyau, Don Evaristo, na rantse har na yi hawaye. Amma fa ba ka faɗi dalilin ba."

Kawu ya dube shi, ya ɗauki kwalinsa, ya sauko.

Ranar da za mu tafi Habana don yankan, labarin ciwon ya riga ya fita, rabin zaure ya zo tasha. Don Cipriano ya kawo kwalbar kore wai ko za a buƙata, kasuwarsa ta dawo har da ƙari. Kawu ya zauna jikin tagar jirgi da mayafi a wuya, yana ɗaga hannu ba ya magana, don likita ya ce ya adana abin da ya rage. Nicanor ya kutso ya kama bakin tagar.

"Mun zauna mun duba maganar nan. Ba kai ba ne. Ba ka da fuskar kisa. Wani kake karewa, kuma za mu gano shi."

Kawu ya rufe ido. A daidai nan mai duba tikiti, wani baƙon matashi da aka kawo garin kwanan nan, ya iso kanmu. Ya dubi tikitin, ya dubi kawu, fuskarsa ta washe.

"Kai ne ɗan mai Candela? Alfadarar nan da ta ƙi shiga kogi? Matata ta ba ni labarin kaf. Ai dabbar nan ta fi mutane hankali!"

Na ga kawu ya buɗe ido. Ya cire mayafin daga wuya, ya miƙe, ya dafa kafaɗata. Ban san daga ina ya samo ta ba, amma tsohuwar muryar ce ta fito, wadda ke kaiwa layin ƙarshe har ta fita ta taga.

"Yana da suna! Eleuterio! Eleuterio Pedroso!"

Jirgi ya yi kuka ya fara motsi. Sai na ga Nicanor ya saki taga, ya juya ga jama'a, idanunsa kamar za su faɗo.

"Kun ji? Ya faɗa! Uban nasa ne! Na gaya muku gishirin nan ba banza ba!"

Kawu ya leƙa ta taga yana kaɗa hannu, bakinsa na motsi, ba abin da ke fita. Na hango Doña Obdulia tana maka wa Nicanor jakarta a ka, wasu na riƙe ta, wasu na riƙe shi, tasha na ja da baya. Waccan ce magana ta ƙarshe da ya yi da cikakkiyar murya.

Ya zauna yana haki. Na zuba masa ruwa a murfin kwalba ya sha. Mun wuce gada kafin ya jawo kunnena kusa da bakinsa.

"Ubana ya rasu," in ji shi cikin raɗa, "shekara huɗu kafin in ƙirƙiro ɗan banzan nan. In ka koma ka gaya musu."

Na ce zan gaya musu. Na kuwa gaya musu. Nicanor ya ce ai wannan ne ya sa ba wanda ya zarge shi.